Daga Akwatin Bango Zuwa Wayar Hannu: Gidan Rediyon Freedom da Sauyin Shirye-shiryen Rediyo a Ƙasashen Kano da Dutse

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Wudil ta isa Birnin Kudu, sa'an nan ya karkata zuwa ƙasar Gwaram har ya kai garuruwa irin su Maruta, ba zai rasa ganin akwatin rediyo ba. Yana nan a teburin mai shayi, yana nan a gindin bishiya inda dattawa ke hira, yana kuma rataye a kafaɗar makiyayi. Siffar akwatin ba ta sake da yawa ba tun zamanin Jihar Arewa. Abin da ya sake shi ne maganar da ke fitowa daga cikinsa, da kuma mutanen da aka yarda su yi ta.

Wannan lacca za ta bi tarihin gida guda, watau gidan rediyon Freedom na Kano da reshensa na Dutse, domin a ga yadda tsarin shirye-shiryen rediyo ya sauya a wannan yanki. Amma ba a gane sabon abu sai an san abin da ya tarar. Saboda haka za a fara da zamanin Turawa, a biyo ta Kaduna, kafin a iso ga zangon FM. Tambayar da za a riƙa yi a kowane mataki guda ɗaya ce: wa ke magana, wa kuma aka bar wa saurare kawai?

Zamanin akwatin bango

A ƙarshen shekarar 1932 gidan rediyon BBC ya fara watsa shirye-shirye daga Ingila zuwa ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila. A 1935 aka kafa tashar rarraba waɗannan shirye-shirye a Ikko, a 1944 kuma aka kafa irinta a Kano. Tsarin ba irin na yau ba ne. Tasha ce ke kamo shirin, sa'an nan ta tura shi ta cikin waya zuwa wani akwati mai lasifika da ake kafa wa mutum a bangon ɗakinsa, yana biyan kuɗin haya. An kuma kafa irin waɗannan lasifikoki a wuraren taruwar jama'a a cikin birni. Akwatin ba shi da abin murɗawa don neman wata tasha. Iyakar ikon mai shi ya ƙara murya, ko ya rage, ko ya kashe.

Tun a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Turawa suka gane amfanin Hausa a rediyo. Sun ɗauki Malam Bello Dandago na Kano da Malam Isa Kaita na Katsina suka kai su Ankara, babban birnin ƙasar da ake kira Gana a yau, inda suka riƙa karanta labarin yaƙi da Hausa. Sunan Bello Dandago ne aka sa wa ginin gidan rediyon Jihar Kano daga baya. A 1951 gwamnati ta haɗa tashoshin ƙasar a ƙarƙashin ma'aikata guda, a ranar 1 ga Afrilu 1957 kuma ma'aikatar ta zama hukuma, watau Hukumar Rediyon Nijeriya. A cikin watan Maris na wannan shekara ne kuma BBC ta buɗe sashenta na Hausa.

Abin lura a nan shi ne, wayar da ke kai murya ba ta wuce inda aka ja ta. Gari irin Birnin Kudu, wanda ke da nisan fiye da kilomita ɗari daga Kano, ba ya cikin wannan lissafi. Labarin hukuma yana isa can ne ta bakin hakimi da dagaci da mai shela, kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni.

Rediyon Kaduna da akwatin batir

Abubuwa biyu ne suka fid da rediyo daga birni suka kai shi ƙauye. Na farko shi ne ƙaramin akwati mai aiki da batir, wanda ya fara yawaita a kasuwanni a shekarun 1960, ba ya bukatar lantarki, ba ya kuma bukatar waya. Na biyu shi ne gidan rediyon Kaduna. Tsarin mulkin 1954 ya bai wa jihohi uku na wancan zamani damar kafa gidajensu. Jihar Yamma ta fara a 1959, ta Gabas ta biyo a 1960, sa'an nan a watan Maris na 1962 gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Da yake gidan yana watsa shirye-shirye a gajeren zango, muryarsa ta game Arewa duka, har ta tsallaka zuwa Nijar da Kamaru da Cadi da Gana.

A nan ne aka gina tsarin da Bahaushe ya daɗe yana ɗauka shi ne rediyo: labarai a kan kari, karatun Alƙur'ani da tafsiri, shirin manoma, wasan kwaikwayo irin na Samanja, shirin Jakar Magori, da waƙoƙin su Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos. Mai saurare kuwa ƙofa guda aka buɗe masa, watau wasiƙa. Zai rubuta, ko ya sa a rubuta masa, ya sayi kan sarki, ya jefa a gidan waya, sa'an nan ya zauna jiran makonni kafin ya ji an ambaci sunansa da na 'yan'uwansa a shirin zaɓe da gaishe-gaishe. Yana da ikon ya gaisar, yana da ikon ya zaɓi waƙa. Jayayya da hukuma kuwa ba ta da fili.

Bayan an ƙirƙiri jihohi goma sha biyu a 1967, Birnin Kudu da Gwaram suka kasance cikin Jihar Kano. A 1978 gwamnatin soja ta sake fasalin rediyon ƙasar, ta kafa Hukumar Rediyon Tarayya, ta mayar da gidan Kaduna ƙarƙashinta, ta kuma miƙa wa jihohi tashoshin da ke cikinsu bisa sharaɗin su tsaya a matsakaicin zango. Da aka koma mulkin farar hula a 1979, sai wannan rabo ya ɗauki launin jam'iyya. NPN ke mulkin tarayya, PRP ke mulkin Kano a ƙarƙashin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, kowane gida kuma ana ɗaukarsa bakin uban gidansa ne. A tarzomar ranar 10 ga Yuli 1981, wadda aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Gwamna shawara kan siyasa, gidan rediyon Kano na cikin wuraren da aka kai wa hari. Masu tarzomar ba su bambanta gidan rediyo da gwamnatin da ta mallake shi ba, domin a wancan zamani babu wani bambancin da jama'a ke gani.

Abin da ya bambanta zangon FM

Kafin a ci gaba, ya kamata a ɗan yi bayanin na'ura, domin siffar zango tana da hannu wajen siffar shiri. Wani Ba'amurke mai suna Edwin Armstrong ne ya ƙago hanyar watsa murya ta FM, ya yi rajistarta a 1933. Tashoshinta suna tsakanin lamba 87.5 da 108 a jikin akwati. Muryarta garau take, ba ta da ƙarar nan da tsawa ko injin mota ke jawowa a matsakaicin zango. Amma igiyarta miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa, ba ta kuma dawowa daga sama da dare kamar yadda gajeren zango ke yi. Nisan da take ci ya dogara ga tsawon turken watsawa da ƙarfin na'ura da yanayin ƙasa, kuma dutse yana iya tare ta.

Wannan gajarta ita ce ta zama alherinta. Gidan da ke magana da Arewa duka ba shi da lokacin rijiyar burtsatsen unguwa guda. Gidan da muryarsa ba ta wuce gari da kewayensa ba kuwa, dole ya yi maganar garin, in ba haka ba babu mai saurarensa. Har wa yau kuma kafa tashar FM ya fi araha nesa ba kusa ba.

Duk da haka ba a gane wannan amfani da wuri ba. Tashar FM ta farko a Nijeriya an buɗe ta ne a Ikko a 1977, kuma aikinta kiɗa ne da nishaɗi. Gidajen jihohi da suka buɗe tashoshin FM daga baya sun bi wannan sawu. Aka bar wa matsakaicin zango Hausa da labarai da wa'azi, aka ba FM Turanci da kiɗan ƙetare don samarin birni. Shekaru da dama in aka ce FM a Kano, abin da ke zuwa zuciyar dattijo ke nan.

Haihuwar gidan Freedom

Abubuwa uku ne suka haɗu kafin wannan fahimta ta rushe. Na farko doka ce. A 1992 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Dokar Soja mai lamba 38, wadda ta kawo ƙarshen kakagidan gwamnati a harkar rediyo da talabijin, ta kuma kafa hukumar NBC don ba da lasisi da sa ido. Gidan Raypower na Cif Raymond Dokpesi ya fara aiki sosai a Ikko a 1994. A maƙwabciya Nijar ma, a tsakiyar shekarun 1990 gidan Anfani ya fara aiki a Yamai, daga baya ya buɗe rassa a Maraɗi da Damagaram. Na biyu shi ne komawa mulkin farar hula a 1999, abin da ya dawo da jam'iyyu da yaƙin neman zaɓe da bukatar fili don gardama. Na uku shi ne wayar hannu, wadda ta shigo a 2001. Kafin wannan shekara layukan tarho na ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba, kuma galibinsu suna ofisoshi ne da gidajen masu hali.

A watan Disamba na 2003 gidan rediyon Freedom ya fara watsa shirye-shirye daga unguwar masana'antu ta Sharaɗa a Kano, a kan lamba 99.5. Manyan da suka tsaya a kansa 'yan masarautar Dutse ne, watau masarautar da Birnin Kudu da Gwaram ke cikinta. Akwai marigayi Eya Bayis Mashal Mukhtar Muhammad, Wazirin Dutse, wanda ya taɓa yin Gwamnan soja na Jihar Kaduna, ya kuma shugabanci hukumar gudanarwar gidan har rasuwarsa a 2017. Akwai kuma Alhaji Bashir Dalhatu, lauya kuma tsohon minista, wanda ya gaji sarautar Waziri. Taken da gidan ya zaɓa wa kansa shi ne Muryar Jama'a.

Sabon tsari

Sauyin farko da gidan ya kawo shi ne na harshe. Ya ɗora Hausa a kan zangon da aka saba jin Turanci, ya kuma ba ta lokutan da jama'a suka fi saurare, watau safiya da bayan sallar Magariba zuwa dare. Sauyi na biyu shi ne na abin da ake faɗa. Magana ta rinjayi kiɗa, maganar kuwa ta siyasar gida ce da ruwan famfo da asibiti da makaranta da kotu da kasuwa. Sunayen shirye-shiryen ma daga bakin jama'a aka ɗauko su. Kowane Gauta, shirin da 'yan siyasa manya da ƙanana ke faɗin albarkacin bakinsu, ya samo sunansa daga karin maganar nan da ke cewa kowane gauta ja ne sai dai in bai sha rana ba. Inda Ranka kuma, wanda ke bin diddigin abubuwan da ke faruwa a unguwanni da ƙauyuka, kowa ya san ƙarshen maganar, watau ka sha kallo.

Sauyi na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne buɗe layin waya. Mutumin da a da yake jiran makonni kafin a karanta gaisuwarsa, yanzu yana iya bugowa kwamishina na zaune a ɗakin watsa shiri, ya tambaye shi dalilin da ya sa aikin titin garinsu ya tsaya, dubban mutane kuma suna jin tambayar da amsar. Ma'aikatan gwamnati sun fi kowa sanin abin da wannan ya haifar. Koken da a da sai ya bi ta kansila da shugaban ƙaramar hukuma da fayil, yanzu yana iya isa kunnen Gwamna kafin ma'aikaci ya isa ofis da safe.

Da jama'a suka karkata, masu talla suka bi su, sauran gidaje ma suka bi masu talla. Tashoshin FM da Rediyon Tarayya ta kafa, irin su Pyramid a Kano da Horizon a Dutse, da gidaje masu zaman kansu da suka biyo baya, irin su Rahma da Express da Arewa, duk sun ba Hausa da kiran waya babban fili. Gidan Freedom kansa ya buɗe rassa a Dutse da Kaduna, ya kuma kafa tasha ta biyu a Kano mai suna Dala FM.

Gwaji daga hukuma da gwaji daga kasuwa

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, balle maganar da ake watsawa kai tsaye. A ƙarshen watan Maris na 2006, ana tsakiyar gardamar tazarcen Shugaba Obasanjo, hukumar NBC ta hana gidan Freedom watsa shirye-shirye daga ƙarfe 5 na yamma zuwa ƙarfe 10 na dare, ta dakatar da shirye-shiryensa na siyasa, ta kuma ci shi tarar naira 200,000. Hujjar hukumar ita ce gidan ba ya tsawata wa baƙi da masu bugo waya. Masu kare 'yan jarida kuwa suka ce sukar tazarce ce laifin. Takunkumin bai daɗe ba, kuma a ranar 16 ga Mayu 2006 Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da ke ɗauke da tazarcen.

Wani gwajin ya zo da jini. A ranar 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafin shan inna guda tara a Kano. 'Yan kwanaki kafin haka wani gida daban, Wazobia FM, ya watsa shiri a kan rigakafin. Hukumomi suka zargi shirin da tunzura jama'a, aka kama wasu ma'aikatan gidan, NBC kuma ta dakatar da lasisinsa. Ƙungiyoyin kare 'yan jarida sun yi tir da kamun. Ko ta wace fuska aka dubi al'amarin, ya tilasta wa kowane gidan rediyo a Arewa ya sake tunani kan iyakar abin da za a bari ya fita kai tsaye.

Gwajin kasuwa ya fi wuyar gani, domin a hankali yake aiki. Gidan rediyo mai zaman kansa ba shi da kason gwamnati. Zai biya kuɗin lasisi, ya biya albashi, ya sayi man janareta saboda rashin tsayayyen lantarki, manyan kamfanonin da ke ba da talla kuma yawancinsu suna Ikko. Abin da ya fi saurin kawo kuɗi shi ne sayar da fili, watau a sayar wa mutum minti goma sha biyar ko talatin ya faɗi abin da yake so. Manyan masu saye kuwa 'yan siyasa ne da masu maganin gargajiya. A wannan kasuwa ne aka sami rukunin mutanen da Kanawa ke kira sojojin baka, waɗanda sana'arsu ita ce shiga rediyo su yabi uban gida su kushe abokin hamayyarsa. Wannan al'ada ta game gidajen rediyon Kano baki ɗaya. A watan Mayu na 2025 gwamnatin jihar ta sanar da hana watsa shirye-shiryen siyasa kai tsaye, tana mai kafa hujja da zage-zage da ɓata suna, masu suka kuma suka kira matakin toshe bakin 'yan adawa. Ke nan gardamar 2006 ba ta mutu ba, masu yin ta ne kawai suka sauya kujeru.

Rabon kudancin Jigawa

An ƙirƙiri Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, kuma Gwamnanta farar hula na farko, Alhaji Ali Sa'ad, ɗan Birnin Kudu ne. Jihar ta kafa gidan rediyonta a Dutse, daga baya ta ƙara da ƙananan tashoshin FM a wasu manyan garuruwa, ciki har da Birnin Kudu da Haɗeja da Kazaure. Mai saurare a ƙasar Gwaram a yau yana da zaɓin da kakansa bai yi mafarkinsa ba: tashoshin Dutse, da ta Birnin Kudu, da na Jihar Bauchi da ke maƙwabtaka da shi, ga kuma sassan Hausa na BBC da Jamus da Faransa.

Amma yawan zaɓi ba ya nufin an daidaita rabon magana. Kira yana cin kuɗi, kuma wanda ke kusa da ɗakin watsa shiri shi ke samun gayyata. Labarin ƙauye yakan fito ne idan ambaliya ta ci gonaki, ko kwale-kwale ya kife, ko manoma da makiyaya sun yi rikici. Farashin taki da ranar da malami bai zo aji ba da halin da ɗakin haihuwa ke ciki, waɗanda su ne rayuwar yau da kullum, ba su cika samun wakilin da zai ɗauko su ba. Muryar mata da ta masu jin Fulatanci ta fi ƙaranci a layin waya in aka kwatanta da yawansu a cikin masu saurare. Tashar da gwamnati ta kafa a ƙaramin gari tana kusa da jama'a, amma albashin ma'aikatanta daga babban birnin jiha yake fitowa. Lasisin rediyon al'umma na ainihi, wanda mutanen gari ke mallaka su gudanar da kansu, sai a 2015 gwamnatin tarayya ta amince da kashin farko na guda 17 a faɗin ƙasar, alhali Mali da Nijar sun riga ta da shekaru masu yawa.

Sauyi na baya-bayan nan shi ne na intanet. Gidan Freedom da takwarorinsa suna watsa shirye-shirye ta Facebook da YouTube, ɗakin watsa shiri ya sami kyamara, ɗan Birnin Kudu da ke neman kuɗi a Ikko ko Saudiyya yana iya sauraren abin da mahaifinsa ke ji a gida. Iyakar da zangon FM ya gindaya ta faɗi ga mai kuɗin sayen data. Ga wanda ba shi da shi kuwa, akwatin batir da rediyon da ke cikin ƙaramar wayar hannu su ne abin dogaro har yanzu.

Kammalawa

In aka jera matakan nan, za a ga ƙofa ce ake ta buɗewa kaɗan kaɗan. A zamanin akwatin bango mai saurare ba ya zaɓar ko da tasha. A zamanin Kaduna ya sami ikon zaɓar waƙa da aika gaisuwa. Daga 2003 ya sami ikon yin tambaya da muryarsa. Kowane mataki kuma ya zo da mai gadinsa: da farko Bature, sa'an nan gwamnatin jiha, yanzu kuma hukumar lasisi a gefe guda, mai kuɗin sayen fili a ɗaya gefen.

Akwai aiki a nan ga rukuni biyu. Ma'aikacin gwamnati da ya ji an ambaci ma'aikatarsa a rediyo yana da hanya biyu: ya nemi a rufe shirin, ko ya je ya ba da amsa da takardu a hannu. Tarihin 2006 ya nuna cewa hanyar farko ƙara wa gidan rediyo masu saurare take yi. Ɗalibi kuwa ya sani cewa shirin rediyo iska ce, in ba a adana shi ba ya tafi ke nan. Faya-fayan da ke ɗakunan ajiya na Kaduna da Kano da Dutse, da tsofaffin ma'aikatan da ke raye, da jadawalin shirye-shiryen kowace shekara, su ne kayan da za a rubuta tarihin siyasa da harshe na wannan zamani da su. Ana iya fara wannan aiki da abu mai sauƙi: a ɗauki mako guda, a saurari shirye-shiryen kiran waya na tashoshin Dutse da Birnin Kudu, a rubuta sunan garin kowane mai kira, sa'an nan a ƙidaya sau nawa aka ji Maruta.